Zaɓen maus mai waya don gasar wasan kwamfuta: nazarin wani shagon geim a Birnin Kebbi

Shagon da wannan nazari ya shafa yana Birnin Kebbi, ba nisa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, kuma mafi yawan masu shigarsa ɗalibai ne da samarin unguwa. Ya fara kamar sauran gidajen geim na garin, da PlayStation da wasan ƙwallo. Daga baya mai shi ya ƙara kwamfutocin tebur guda goma, na hannu, masu furosesa Core i5 da allo mai 75 Hz (mai canza hoto sau 75 a sakan), ya haɗa su da kebul a ɗaki ɗaya domin a riƙa buga Counter-Strike 2 biyar da biyar, wasan harbin da kamfanin Valve ya fitar a 2023. Wasu kuma suna buga Call of Duty Mobile ta manhajar GameLoop. Da aka fara maganar gasa mai kuɗin shiga da kyautar zakara, sai ƙorafin da a da ake yi cikin raha ya koma rigima. Duk wanda aka kashe ba ya yarda an fi shi, sai ya ɗora wa maus. Gwajin da aka yi ya nuna cewa a lokuta da dama gaskiya suke faɗa.

Maus ɗin da ke kan teburan an saye su ne kwali guda, ba su da sunan kamfanin da aka sani, sai fitilu kala-kala da rubutun 7200 DPI (ƙirgen da maus ke bayarwa a tafiyar inci ɗaya) a jikin kwalin. Ƙarƙashinsu ƙananan tabarmin maus ne irin na ofis, waɗanda faɗinsu bai kai santimita 25 ba. Ƙorafin da ya fi yawa shi ne wanda wani yaro ya faɗa wa mai shagon: "Oga, wanga maus in na juya da sauri sama yake kai ni." Wato mutum ya fizgi hannu don ya waiwayi abokin gaba, sai ya tsinci kansa yana kallon sama ko ƙasa. Bayan wannan akwai dannawa ɗaya da ke zama biyu, da tayar tsakiya mai tsallake ko komawa baya, da kuma maus ya ɗauke na ɗan lokaci a ji ƙarar Windows ta cire na'ura da mayar da ita.

Abin da gwaji ya gano

An fara da idon maus, domin nan babbar matsalar take. Idon nan ƙaramar kyamara ce da ke ɗaukar hoton saman tabarma dubban sau a sakan ɗaya, tana kwatanta kowane hoto da wanda ya gabace shi don ta gane inda aka nufa da kuma nisan da aka yi. Idan gudun hannu ya wuce ƙarfinta, hotunan biyu ba sa haɗa komai da juna, sai lissafin ya rikice. Kamar fasinja ne da ke ƙirga turakun wuta a hanyar Jega: muddin mota na tafiya a hankali ƙirgensa daidai ne, da direba ya taka sai ya fara cewa duk abin da ya zo bakinsa. Ana auna wannan iyaka da IPS, wato inci nawa a sakan ɗaya idon zai iya bi. Idanun maus na ofis da yawa ba sa wuce IPS 30, kimanin santimita 76 a sakan. Na wasa na gaske sun yi musu nisa sosai. PMW3360 na kamfanin PixArt, wanda ya daɗe yana cikin maus ɗin gasa, yana kai IPS 250, PAW3395 kuma 650.

Lissafi kaɗan zai nuna me ya sa 30 ba ta isa. A Counter-Strike 2, mai amfani da DPI 800 da saurin juyi 1.0 (lambar da ake saitawa a cikin wasan) yana buƙatar jan maus kusan santimita 52 kafin ya yi cikakken zagaye. Waiwaye baya rabin haka ne, santimita 26. In ya yi wannan fizgar cikin sakan 0.15, hannunsa ya yi gudun mita 1.7 a sakan, wato IPS 68. Ya ninka iyakar idon ofis fiye da sau biyu. Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki: a shiga wasan, a rage saurin juyi, a tsaya ana kallon bango, a fizgi maus daga wannan gefen tabarma zuwa wancan da iyakar ƙarfi sau goma. Mai kyau zai juya a miƙe kowane karo. Cikin tsofaffin goman nan babu wanda ya tsallake.

Na biyu shi ne yawan rahoton da maus ke aika wa kwamfuta. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna MouseTester da ke nuna wannan, akwai kuma shafukan intanet da ke auna shi idan aka yi ta zagaya maus a kai. Tsofaffin duk 125 Hz suka nuna, wato rahoto ɗaya duk milisakan 8. A gudun da aka lissafa a sama, maus ya yi tafiyar kusan santimita ɗaya da rabi kafin kwamfuta ta ji labari. Mai 1000 Hz yana aikawa duk milisakan ɗaya, tazarar ba ta kai milimita biyu ba. Wannan bambanci hannu yana jin sa.

Daga 1000 zuwa sama kuwa magana ta canza. Tun da Razer ta fitar da Viper 8KHz a 2021 ake tallar 8000 Hz, kuma wasu daga cikin samarin sun nace sai shi. Ribar da ke tsakanin 1000 da 8000 ba ta kai milisakan ɗaya ba. Allon shagon mai 75 Hz yana canza hoto ne duk milisakan 13 da ɗoriya, kuma idan aka fita wasan intanet da sabar Turai, jinkirin layi kaɗai yakan haura milisakan 100. Ga shi 8000 Hz yana ɗora wa furosesa nauyi, kuma a tsohuwar Core i5 abin da ake samu shi ne hoton ya riƙa tsinkewa. A ganinmu kuɗin da za a ƙara don wannan lambar ya fi amfani a tara shi a sayi allo mai 144 Hz.

Ita ma 7200 DPI da aka buga a kwali ba abin alfahari ba ce. DPI yana nufin ƙirge nawa maus ke bayarwa a tafiyar inci ɗaya, ba ya nufin inganci. Da 7200 da saurin juyi 1.0, cikakken zagaye bai kai santimita 6 ba, ko numfashi mutum ya yi sai saitinsa ya kauce. Ƙwararrun 'yan wasan harbi galibi a 400, 800 ko 1600 suke zama. Masu arahar nan kuma sau da yawa ninka lambar kawai suke yi ta lissafi, idon bai ga abin da ake cewa ya gani ba.

Dannawa biyu daga suwic ne. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ƙaramin akwati mai ƙafa uku, cikinsa siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ke taɓa wani idan an danna. Duk lokacin da suka haɗu sai sun ɗan yi tsalle-tsalle kafin su zauna, shi ya sa manhajar cikin maus ke jira 'yan milisakan kafin ta karɓi wata dannawar. Idan wurin haɗuwar ya yi tsatsa ko ƙura ta shiga ko ƙarfen ya gaji, tsallen yakan wuce lokacin jiran, sai kwamfuta ta ƙirga biyu. Wani lokacin ma mutum yana riƙe da maɓalli yana ɓarin wuta sai harbin ya yanke. Tayar tsakiya ita ma ƙura ce ke shiga cikin abin da ke ƙirga juyinta. Ɗaukewar maus kuwa an gano dalilai biyu: a uku daga cikinsu wayar ta karye daga ciki daidai inda take fita daga jikin maus, ana murɗa wurin sai ya ɗauke, sauran kuma laifin wuta ne, za a zo kansa.

Me ya sa mai waya

Ba don mara waya ya fi jinkiri ba ne. Wannan tsohon zance ne, kuma maras waya na manyan kamfanoni a yau ba su bar wa masu waya komai ba ta fuskar sauri. Mara waya na ofis mai Bluetooth shi ne ke da jinkiri. Dalilan shagon daban ne. Mai waya ya fi araha idan ingancin ido ɗaya ne. Ba ya buƙatar caji, a garin da ba a da tabbacin wuta kuma ba wanda zai tuna ya jona maus goma kowane dare. Ba shi da ɗan ƙaramin abin da ake tsirawa a USB, wanda ɓatansa ke kashe maus gaba ɗaya. Sannan, a faɗi gaskiya, abin da aka ɗaure da waya ta bayan tebur ba ya saurin shiga aljihu.

Awon hannu

A nan aka fi daɗewa, kuma nan ne masu saye suka fi yin sakaci. Ido mai kyau yanzu ya zama ruwan dare, siffa ce ke raba maus da maus. An auna hannun waɗanda suka fi zuwa shagon da tef ɗin tela, daga layin wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. Mafi yawansu sun faɗa tsakanin santimita 17 da 19, mutum biyu kawai suka haura 20. An kuma kalli yadda kowa ke riƙo ba tare da an gaya masa ana kallonsa ba, domin da an ce wa mutum nuna yadda kake riƙewa sai ya gyara hannu.

Riƙo iri uku ne. Akwai mai kwantar da tafin hannunsa duka a bayan maus, yatsu a miƙe. Wannan yana son maus mai tsawo da tudu, wanda ya cika hannu. Akwai mai dafa ƙarshen tafi kawai ya lanƙwashe yatsu yana danna da kansu. Shi matsakaici ya fi masa, musamman mai tudu ta baya. Akwai kuma wanda tafinsa ba ya taɓa maus sam, da kan yatsu yake juya shi. Wannan ƙarami mara nauyi yake so. Ma'aunin da masu harkar ke yawan bi shi ne tsawon maus ya kasance kusan kashi 60 cikin ɗari na tsawon hannu. Mai hannun santimita 18 ke nan zai nemi wani abu kusa da santimita 11 zuwa 12, mai kwantar da tafi ya ɗan ƙara. Ba doka ba ce, mafari ne kawai, amma tana hana yaro mai ƙaramin hannu sayen abin da yatsunsa ba za su kai gaban maɓallinsa ba.

Nauyi ma yana da nasa. Mai ƙaramin saurin juyi yana ɗaga maus ya mayar da shi tsakiyar tabarma ɗaruruwan sau a wasa ɗaya. Giram 120 da giram 80 ba ɗaya ba ne a wuyan hannu bayan awa uku. Samari da yawa suna ɗaukar nauyi alamar ƙarko, har wasu masu arahar ana saka musu guntun ƙarfe a ciki don su yi nauyi a hannun mai saye. An buɗe ɗaya daga tsofaffin, an same shi.

Waɗanda aka duba

Logitech G502 Hero shi ne wanda samarin suka fi ambata, saboda kyan gani da maɓallai goma sha ɗaya. Idonsa ba shi da aibu. Amma giram 121 ne kafin a ƙara masa ƙananan ƙarafan nauyin da yake zuwa da su, tsawonsa ya haura santimita 13, kuɗinsa kuma ya kusa sayen biyu na wanda aka zaɓa a ƙarshe. Maɓallan da yawa a gasa ma matsala ne, domin sai an bi an tabbatar ba a ɗora musu jerin umarnin da ke danna wa mutum abu da kansa ba. An ajiye shi.

HyperX Pulsefire Haste na farko giram 59 ne, waya mai laushi, har da ƙarin takalma (ƙananan robobin ƙasan maus da yake sulɓi a kansu) a kwalinsa. Glorious Model O giram 67 da ido PMW3360. Dukansu maus ne na gasa na ƙwarai, kuma dukansu bayansu huje-huje ne don rage nauyi. A ɗakin mutum ɗaya mai na'urar sanyaya ɗaki wannan ba komai ba ne. A shago mai buɗaɗɗiyar ƙofa a Birnin Kebbi, inda ƙurar hunturu ke kwanciya kan komai daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sannan zafin Maris zuwa Mayu ya haura digiri 40 hannu ya yi ta zufa, ga ɓarɓashin gyaɗa da biskit, ramukan nan ƙofa ce ta datti zuwa kan allon cikin maus. Wanda zai iya sharewa kullum ya saya, shago dai an ba shi shawarar rufaffen baya.

Razer Viper Mini ya ja hankali saboda dalili ɗaya mai ƙarfi: suwic ɗinsa na haske ne. Maimakon ƙarfe ya taɓa ƙarfe, haske ne ake tsinkewa ko a buɗe masa hanya, don haka babu tsatsar da za ta jawo dannawa biyu. Giram 61 ne kacal. Sai dai siriri ne ƙwarai ga mai kwantar da tafi, kuma an san shi da ci gaba da karanta tabarma ko an ɗan ɗaga shi, abin da ke gusar da saiti lokacin mayar da maus tsakiya. Ana gwada wannan da faifan CD, wanda kaurinsa milimita 1.2 ne: a jera biyu a bar rata tsakaninsu, a ɗora maus idon yana kallon ratar, a motsa. In kibiya ta motsa a kan faifai ɗaya ba laifi, in har a kan biyu da aka ɗora wa juna tana motsi, tsayin ya yi yawa. Ban da haka ba a samu guda goma sha biyu sababbi a wuri ɗaya ba.

Saura biyu. Razer DeathAdder Essential, giram 96, tsawo santimita 12.7, an ƙera shi don hannun dama da cikakken tafi, IPS 220. Sai Logitech G102, wanda a wasu ƙasashe ake kira G203, giram 85, tsawo ƙasa kaɗan da santimita 12, 1000 Hz, maɓallai shida, rufaffen baya. Awon hannun da aka yi shi ya yanke hukunci: G102 ya fi dacewa da mafi yawa. An sayi goma sha biyu, goma a tebur, biyu a ajiye, da DeathAdder Essential biyu saboda masu manyan hannu.

G102 ba shi ne mafi kyau a jerin ba, kuma ba a ɓoye wa mai shagon haka ba. Wayarsa ta roba ce mai ɗan tauri, suwic ɗinsa na ƙarfe ne, wato wata rana shi ma zai iya fara dannawa biyu kamar kowane suwic irinsa. Abin da ya rinjaya shi ne ya tsallake gwajin fizga, ana samunsa da yawa, kuma gyaransa mai sauƙi ne. A gasa kuma daidaito tsakanin tebura ya fi fifikon tebur ɗaya muhimmanci: in duk goman iri ɗaya ne, an rufe bakin mai cewa an ba shi mara kyau.

Na jabu

G102 yana cikin maus ɗin da aka fi kwaikwaya, kuma kwalin jabun yakan yi kama da na gaske har a kasa bambancewa da ido. Ko daga Kano aka yi oda, ko Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, ko ta intanet, sharaɗin farko da za a yi da mai sayarwa shi ne za a gwada, wanda ya faɗi a mayar. Gwajin kansa minti biyar ne. A duba lambar da ke ƙasan maus ta yi daidai da ta jikin kwali. A jona shi a kwamfutar da ke da manhajar G HUB ta Logitech. Na gaske zai bayyana da sunansa har a iya canza masa DPI da launin fitila, na jabu ba ya bayyana. Na Razer kuma da Synapse ake dubawa. Sai a auna yawan rahoto, a ga ya kai kusan 1000, sannan a yi gwajin fizga. Cikin goma sha biyun da aka kawo, biyu ba su bayyana a manhajar ba kuma 125 Hz suka nuna. Dillalin ya karɓa ya canza, yana cewa shi ma haka aka haɗo masa. Farashin da ya yi ƙasa da na kowa da nisa shi ne alamar farko, tun kafin a buɗe kwali.

Saiti da shimfiɗa

Sabon maus a kan tsohuwar tabarma rabin aiki ne. An sayi tabarmin yadi masu santimita 45 a 40, domin waiwayen santimita 26 ya samu wuri ba tare da an ɗaga hannu ba. Wannan ya tilasta matsar da allon rubutu (kibod) gefe, a tebura biyu ma sai da kafinta ya ƙara katako. Tebur mai gilashi ko fenti mai sheƙi ba ya yi wa idon maus, haka ma tabarma mai zane kala-kala tana rikita wasu idanun. Baƙa ko mai launi ɗaya ta fi.

An bar matakan DPI uku kawai, 400 da 800 da 1600, aka tsayar da rahoto a 1000 Hz. A Windows an cire alamar da ke kan Enhance pointer precision, domin ita ke sa nisan kibiya ya danganta da saurin hannu ba da nisan da aka ja kaɗai ba, aka bar saurin kibiya a tsakiya, mataki na shida cikin sha ɗaya a tsohon ma'auni. Counter-Strike 2 yana karantar maus kai tsaye ba ya bi ta wannan saitin, amma wasu wasannin suna bi, kuma gara hannu ya saba da abu ɗaya. An koya wa 'yan wasan su haddace lamba ɗaya: DPI sau saurin juyi. Mai 400 da 2.0, da mai 800 da 1.0, da mai 1600 da 0.5, duk abu ɗaya suke bugawa. Wanda ya san lambarsa zai zauna a kowane tebur ya daidaita cikin minti ɗaya. Lambar ba ta ƙetarawa daga wasa zuwa wasa, ta Valorant daban take da ta Counter-Strike, sai dai a auna da santimita.

Waya kuma an jona ta a ramukan USB na bayan kwamfuta, waɗanda ke kan babban allon cikin kwamfuta kai tsaye, ba na gaba ba, ba kuma ta abin rarraba USB ba. An kashe saitin Windows da ke kwantar da USB don tsimin wuta. Don kada wayar ta ja hannu, akwai ɗan ƙarfen da ake sayarwa mai ɗaga ta sama, amma shagon ya yi da salatef: an ja maus zuwa kusurwar tabarma mafi nisa, aka ƙara rarar kamar tafin hannu ɗaya, aka manne wayar a ƙafar allo. Abin kiyayewa shi ne kada ta lanƙwashe a kaifin bakin tebur, kada kuma mai shara ya naɗe ta a jikin maus, don haka tsofaffin uku suka karye.

Wuta

Ɗaukewar da ba ta waya ba an lura tana faruwa ne lokacin sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, da kuma lokacin da firijin lemo ya tashi. An kuma lura jikin kwamfutocin yana ɗan jan hannu idan aka taɓa, alamar babu wayar ƙasa a ginin ko ta tsinke. Mai aikin wuta ya kafa sandar tagulla a ƙasa ya haɗa soket-soket da ita, aka raba layin firiji da na kwamfutoci, aka sa UPS. Wannan aikin mai wuta ne, ba na yaron shago ba. A lokacin hunturu akwai ƙarin abu: bushewar iska tana tara wuta a jikin mutum, musamman mai rigar sanyi ta roba a kan kujerar roba, ya taɓa ƙarfe ya ji tsat, wani lokacin USB ya ɗauke. Wayar ƙasa mai kyau tana rage wannan sosai. Ƙasa busasshiya ba ta ɗaukar wuta kamar mai danshi, shi ya sa masu aikin ke son a kafa sandar da zurfi a inda ruwa ke yawan zuba.

Dokar gasa da abin da ya biyo baya

An rubuta a bango cewa maus ɗin shago shi ne na kowa, amma wanda ke da nasa mai waya zai iya zuwa da shi, a duba shi kafin a fara, kuma ba a yarda da maɓallin da aka ɗora wa jerin umarni ba. Kowa yana da minti biyar na saita lambarsa. An yi gasar, babu wasan da aka tsayar saboda maus. Gardamar da aka yi ta koma kan wanda ya leƙi allon wani, wadda aka magance da labule tsakanin layukan biyu.

Bayan wata uku an sake dubawa. Ɗaya ya fara rawar kibiya, aka ga zaren tabarma ne ya maƙale a ramin ido. Auduga ta kunne da ɗigon sifirit suka gyara shi. Takalman ƙasa na biyu sun fara cinyewa, saboda ƙurar da ke kan tabarma tana aiki kamar sanfefa. Daga nan aka sa doka: kowace safiya a kaɗe tabarma a goge maus da ɗan tsumma mai danshi kaɗan, da dare a rufe tebura da yadi, tabarmin kuma a wanke su da ruwa da sabulu mara ƙarfi duk wata, a shanya a inuwa don rana tana ɓata robar ƙasansu. Ba a fesa fetur ko man cire tsatsa a cikin maus, suna cin roba kuma suna kama ƙura.

An kuma tanadi kayan gyara tun kafin a buƙace su: suwic ashirin masu ƙafa uku, irin Omron D2FC-F-7N ko Kailh GM 8.0, da takalma na ƙari. Duk mai gyaran waya da ya iya dalma zai canza suwic. Sukurorin suna ɓoye ƙarƙashin takalman, don haka a ɗan ɗumama su kafin a ɓamɓare, in ba haka ba su lanƙwashe ba za su sake kwanciya daidai ba. A narkar da tsohuwar dalma a zuƙe ta tas kafin a ja suwic ɗin, domin ja da ƙarfi yana ɗago layin tagullar allon, kuma wannan ɓarnar ta fi ta farko wuyar gyara. A canza na hagu da na dama tare don dannawar ta zama iri ɗaya. Wayar ma ana canza ta, a yawancin maus tana shiga allon ne da ɗan farin soket, sai dai jerin launukan ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a ɗauki hoton tsohuwar kafin a cire. In ja da baƙa suka sauya wuri maus ɗin zai iya ƙonewa.

Abin da bai warware ba shi ne masu amfani da hannun hagu. G102 siffarsa ɗaya ce dama da hagu, amma maɓallan gefensa biyu suna ɓangaren babban yatsan hannun dama, DeathAdder kuwa na dama ne zalla. Akwai bahago ɗaya cikin masu zuwa gasar, kuma a yanzu yana wasa ne ba tare da maɓallan gefen ba, ya mayar da aikinsu kan allon rubutu. Mai shagon ya ce in aka tashi odar gaba za a haɗo da guda ɗaya mai maɓalli a gefe biyu.